Sauya Lasifika da Amfilifayar Mota: Bayani a Kan Ƙarfi da Tsabtar Sauti

1.0 Gabatarwa

Mota ta zama ɗaya daga cikin wuraren da Bahaushe yake daɗewa yana sauraron harshensa. Direban da ke jigila tsakanin Kano da Legas, da ma'aikacin da cunkoso ya riƙe a Abuja, da falken da ya nufi Maraɗi, duk sukan shafe sa'o'i suna jin labarai ko karatu ko waƙa ta na'urar da ke cikin motarsu. Da yawa daga cikinsu ba sa gamsuwa da kayan sautin da kamfani ya haɗo motar da su, don haka sukan kai ta wurin mai gyaran wutar mota a sauya musu lasifika, ko a ƙara amfilifaya. Sau da yawa ana kashe kuɗi mai yawa, ƙara ta ƙaru, amma magana ta daina fita sosai, ko kuma sabuwar lasifikar ta ƙone kafin wata ya zagayo.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda waɗannan na'urori suke aiki, tare da nuna cewa nasarar sauya su ta dogara ne a kan dacewar abubuwa uku da juna, wato lasifika da amfilifaya da wutar mota. Haka kuma za a nuna cewa ma'aunin da ya fi dacewa a gwada aikin da shi shi ne fitar magana, domin sautukan magana su ne suka fi saurin tona asirin kayan da ba a daidaita ba. Za a fara da ma'anar kalmomi da taƙaitaccen tarihi, sannan a duba yanayin sauti, daga nan a shiga bayanin aikin kansa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmomin wannan fanni sun shigo Hausa ta hanyoyi biyu, wato aro da ƙirƙira. Ga waɗanda za a yi amfani da su:

(a) Lasifika: na'urar da take mayar da wutar lantarki sauti. Kalmar aro ce daga Ingilishi. Takwararta ta gida ita ce amsa-kuwwa, amma an fi jin wannan ga babbar lasifikar masallaci ko ta dandali.

(b) Amfilifaya: na'urar da take karɓar raunanan saƙon sauti ta ƙara masa ƙarfi kafin ya isa lasifika.

(c) Rediyon mota: akwatin da ke gaban direba, ko da kuwa kaset ko faifai ko wayar hannu ake saurare ta cikinsa.

(d) Wufa: babbar lasifikar da aka keɓe wa sauti mai kauri, wadda akan ajiye a but.

(e) Turjiya: cijewar da lasifika take yi wa wutar da ke ratsa ta. Ana auna ta da om.

(f) Mararrabar sauti: na'urar da take rarraba sauti, ta tura mai kauri ga babbar lasifika, mai zaƙi kuma ga ƙarama.

Ƙarfin da amfilifaya take bayarwa ana auna shi da wat, matsin wuta da bolt, yawan wutar da ke gudana kuma da amfiya.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Lasifikar da ake amfani da ita a mota ta samo tsarinta daga aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, waɗanda suka bayyana ƙirarsu a 1925. A 1930 kamfanin Paul Galvin na birnin Chicago ya fitar da rediyon mota mai suna Motorola, kuma a 1932 kamfanin Blaupunkt ya fitar da nasa a Jamus. Kamfanin Philips ya ƙirƙiro kaset a 1963, shi kuwa faifan CD ya shiga kasuwa a 1982, sannan Pioneer ya fitar da na'urar kunna shi a mota a 1984. A motocin Cadillac ƙirar 1983 ne kamfanin Bose ya haɗa hannu da General Motors aka fitar da kayan sautin da aka tsara musamman don cikin wata mota takamaimiya. Daga baya wayar hannu ta zama babbar hanyar saurare, musamman bayan fitowar Apple CarPlay a 2014 da Android Auto a 2015.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, hanyar ajiye sauti ta sauya sau da dama, amma lasifika ba ta bar tsarin 1925 ba. Har yanzu sassanta su ne maganaɗisu, da siririyar wayar da aka naɗe a tsakiyarsa, da tantani mai siffar mazurari, da zoben gefe mai taushi wanda yake riƙe tantanin. Idan wuta ta ratsa naɗin wayar, sai ya motsa gaba da baya cikin maganaɗisun, ya ja tantanin tare da shi, tantanin kuma ya tura iska. Wannan motsin iska shi ne kunne yake ji.

4.0 Sauti da Kunnen Mai Sauraro

4.1 Yawan Kaɗawa

Kaurin sauti ko zaƙinsa ya danganta ga yawan kaɗawar iska a cikin sakan ɗaya. Ma'aunin wannan shi ne Hz, daga sunan masanin kimiyyar Jamus Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga Hz 20 zuwa Hz 20,000, kuma ɓangaren sama yana raguwa da shekaru. Sauti mai kauri, kamar na babbar ganga, yana buƙatar a tura iska mai yawa, saboda haka sai babban tantani. Sauti mai zaƙi yana buƙatar tantani marar nauyi wanda zai iya kaɗawa sau dubbai a sakan. Wannan ne dalilin da ya sa lasifika guda ɗaya ba ta iya ɗaukar dukkan sautuka yadda ya kamata.

4.2 Ƙarfin Sauti

Ana auna ƙarfin sauti da desibel, kuma lissafinsa ya saɓa wa abin da mai saye yake zato. Idan aka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ake samu a kai, wanda kunne yake ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato sai an ninka wat sau goma. Ke nan wanda ya bar amfilifaya mai wat 50 ya sayi mai wat 100 bai ninka ƙarar motarsa ba.

4.3 Sautukan Magana

A nan ne lamarin ya shafi masanin harshe kai tsaye. Karin sauti, wanda yake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya, yana tafiya ne a kan kaɗawar tantanin maƙwallato, wadda takan kasance tsakanin Hz 85 da 180 ga namiji, da tsakanin Hz 165 da 255 ga mace. To amma kowace kaɗawa tana tafe da ninkinta na biyu da na uku da na huɗu har zuwa sama, kuma ƙwaƙwalwa tana iya gane asalin daga waɗannan ninke-ninke ko da lasifika ba ta fitar da shi ba. Shi ya sa tarho na da, wanda yake ɗaukar Hz 300 zuwa 3,400 kawai, bai hana Hausawa fahimtar karin junansu ba. Tsawon wasali ma, kamar bambancin gari na mazauna da gari na tuwo, al'amarin lokaci ne, kuma kowace lasifika tana kiyaye shi.

Baƙaƙe su ne masu rauni. Zuzau irin su /s/ da /sh/, da tunkuɗau /ts/, ƙarfinsu yana can sama, daga kimanin Hz 2,500 zuwa 8,000. Bambancin sa da sha, ko farkon kalmomin sara da shara da tsara, ya rataya a kan wannan yanki. Bugu da ƙari, an san cewa sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana danne na samansa fiye da yadda mai zaƙi yake danne na ƙasansa. Saboda haka wufar da aka sake wa linzami tana iya girgiza gilashin mota alhali kuwa ta haɗiye baƙaƙen mai karanta labarai.

5.0 Naƙasun Kayan Kamfani

Kamfanin ƙera mota yana lissafin nauyi da kuɗi a kan kowane ƙusa, don haka a ƙananan motoci akan sa lasifika mai tantanin takarda da ƙaramin maganaɗisu. Takarda ba aibi ba ce, domin ba ta da nauyi kuma tana amsa wuta kaɗan. Matsalarta ita ce yanayi. Cikin motar da aka rufe a rana yana iya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, damina tana kawo laima ta cikin ƙofa, ƙurar hunturu kuma tana shiga ratar da naɗin waya yake motsi a ciki. Zoben gefe, idan na soso ne, yakan ruɓe ya farfashe. Motocin da ake shigowa da su na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano, galibi sun riga sun yi shekaru kafin su iso, don haka lasifikokinsu sun fara gajiya tun kafin su gamu da wannan yanayi.

Naƙasu na biyu yana cikin rediyon kansa. Wutar mota bolt 12 ce a tsaye, takan kai kimanin 14.4 idan inji yana aiki. Ƙaramar amfilifayar da ke cikin rediyo ba ta da hanyar ɗaga wannan matsi. Mafi yawan abin da za ta iya bai wa lasifika a ɗore shi ne kimanin bolt 10. Idan aka ninka 10 da kansa aka raba da turjiyar om 4, za a sami wat 25. Wannan shi ne iyaka a lissafi, a aikace kuwa abin da ake samu cikin tsabta yakan tsaya tsakanin wat 15 da 20. Saboda haka rubutun wat 50 sau 4 da ake gani a fuskar rediyo yana nufin ƙarfin ƙiftawar ido ne, wanda sauti ya riga ya gurɓace kafin a kai gare shi.

Naƙasu na uku shi ne motar kanta. A kan babbar hanya, ƙarar taya da iska da inji takan kai kusan desibel 70 a cikin mota, kuma dole sautin rediyo ya haura wannan kafin a ji shi. Ga kuma gilashi mai mayar da sauti, da kujeru masu shanye shi, da lasifikar ƙofa wadda take fuskantar ƙafar direba maimakon kunnensa.

6.0 Sauya Lasifika

6.1 Ire-iren Lasifika

Lasifikokin da ake saye don maye gurbin na kamfani iri biyu ne. Na farko shi ne haɗaɗɗiya, wadda aka ɗora ƙaramar lasifikar zaƙi a tsakiyar babba. Tana da sauƙin ɗaurawa domin tana shiga ramin tsohuwa kai tsaye. Na biyu shi ne rarrababbiya, wadda babbar take zama a ƙofa, ƙaramar kuma a ɗaga ta kusa da gilashin gaba, tare da mararrabar sauti a tsakaninsu, mai raba aiki a wajen Hz 2,500 zuwa 4,000. Da yake sauti mai zaƙi yana tafiya a miƙe ne kamar hasken tocila, ɗaga ƙaramar lasifika zuwa saitin kunne yana daga cikin abubuwan da suka fi taimaka wa fitar baƙaƙen da aka ambata a 4.3.

6.2 Abubuwan Dubawa

Abu na farko shi ne girma. Awon da aka fi samu shi ne inci 4, da inci 5.25, da inci 6.5, da mai siffar ƙwai ta inci 6 sau 9. Bayan faɗi, wajibi ne a auna zurfi, domin maganaɗisun da ya yi tsawo yana iya tare gilashin ƙofa idan an sauke shi.

Abu na biyu shi ne kaifin amsa, wato desibel nawa lasifika take bayarwa idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Alal misali, a ɗauki lasifika mai desibel 90 da wata mai 86. Ratar desibel 4 tana nufin cewa ta biyun tana buƙatar ninki biyu da rabi na wat kafin ta kamo ta farko. Abin da ta farko za ta yi da wat 18 na rediyo, ta biyu sai ta sami wat 45. Lasifikoki masu tsada da yawa suna da tantani mai nauyi da ƙarancin kaifi, domin an yi su ne don amfilifaya ta waje. Wanda ya jona irinsu ga rediyo kawai zai tarar da sautinsa ya ragu. Haka kuma wasu kamfanoni suna yin awon da bolt 2.83, wanda a kan om 4 ya zama wat 2, sai lambar ta ƙaru da desibel 3. Dole a cire wannan kafin a kwatanta.

Abu na uku shi ne turjiya. Yawancin lasifikokin mota om 4 ne, amma wasu motocin da suka zo da amfilifayar kamfani suna amfani da om 2. Idan aka maye gurbin mai om 2 da mai om 4, ƙarfin da take samu zai ragu da kusan rabi. Idan kuma aka jona lasifikoki biyu masu om 4 a baki ɗaya, kowace da wayarta, turjiyar za ta koma om 2, kuma rediyon da ba a yi shi don haka ba zai yi zafi ya lalace.

6.3 Ɗaurawa

Lokacin da tantani ya tura iska a gaba, yana janye ta a baya. Idan akwai kafa tsakanin gaba da baya, iskar biyu za su haɗu su soke juna, musamman a sauti mai kauri, wanda tsawon zangonsa a Hz 100 ya kai kusan mita 3.4. Don haka wajibi ne lasifika ta zauna daram a kan zobe mai ƙarfi, a toshe duk wata kafa a gefenta. Liƙa tabarmar roba mai nauyi a jikin ƙarfen ƙofa yana rage kakkarwarsa, kuma sau da yawa amfanin wannan ya fi na ƙarin kuɗin da za a zuba a lasifika mai tsada.

Haka nan kowace lasifika tana da baki biyu, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. Idan aka juya wayoyin lasifika ɗaya, za ta riƙa turawa lokacin da 'yar uwarta take janyewa, sai kaurin sauti ya ɓace. Ana gwada babbar lasifika da ƙaramin batir mai bolt 1.5: idan aka taɓa bakin tarawa da kan batir na tarawa, tantanin ya kamata ya motso waje.

7.0 Ƙara Amfilifaya

7.1 Karanta Lambobi

Amfilifaya ta waje tana da sashen da yake ɗaga wutar mota daga bolt 14 zuwa matsi mafi girma, kuma wannan ne ya ba ta damar ƙetare iyakar da aka nuna a 5.0. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta ƙarfi mai ɗorewa, wadda ake rubuta RMS a gefenta. Ƙa'idar CTA-2006 ta Amurka ta tanadi a yi wannan awo da wutar bolt 14.4 da turjiyar om 4, kuma gurɓacewar sauti kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Manyan lambobin da ake bugawa a kwali da alamar PMPO ba su da wata tsayayyar ƙa'ida. Abin da ake so shi ne ƙarfin amfilifaya mai ɗorewa ya yi kusa da wanda aka rubuta wa lasifika. Ga lasifikokin ƙofa, wat 50 zuwa 75 kowace ya wadatar.

7.2 Gutsurewar Sauti

Mutane da yawa suna ɗauka cewa babbar amfilifaya ce kaɗai take ƙona lasifika. Ƙarama ma tana yi idan aka matsa mata. Saƙon sauti yana hawa da sauka ne kamar igiyar ruwa. Idan aka nemi amfilifaya ta ba da abin da ya fi ƙarfinta, sai ta gutsure ƙololuwar igiyar ta mayar da ita shafaffiya. Igiyar da aka gutsure gaba ɗaya tana ɗauke da ninki biyu na ƙarfin lafiyayya mai tsayi iri ɗaya, kuma tana haifar da sababbin sautuka masu zaƙi waɗanda babu su a asali. Zafi yakan taru a naɗin waya, kuma ƙaramar lasifikar zaƙi, wadda wayarta ta fi siranta, ita takan fara mutuwa. Alamar da kunne yake ji ita ce murya ta yi kaushi kamar ana yaga takarda.

Maganin wannan yana ga madaidaicin da ke jikin amfilifaya, wanda wasu suke ɗauka makunnin ƙara ne su murɗa shi har ƙarshe. Aikinsa shi ne daidaita ƙarfin saƙon da ke shigowa da iyawar amfilifayar. Mai gyara yana iya lissafa matsin da ya dace: ga wat 75 a kan om 4, a ninka 75 da 4 a sami 300, tushen 300 kuwa shi ne kimanin 17.3. Sai a cire lasifikoki, a kunna sautin gwaji, a ɗaga rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, a murɗa madaidaicin har mitar awo ta nuna bolt 17.3, a tsaya nan.

7.3 Wuta da Waya

Amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, daga altaneta da batir take ɗibarsa. Masu aji AB suna mayar da kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da suka ja zuwa sauti, saura ya tafi a zafi. Masu aji D sukan kai kashi 80 zuwa 90. Amfilifaya mai baki huɗu, wat 75 kowane, tana fitar da wat 300. Idan aji AB ce za ta ja wat 500, wato kusan amfiya 35 idan ta kai ƙarshen ƙarfinta. Idan aji D ce mai kashi 85, kusan amfiya 25 za ta ja. Da yake altanetar ƙaramar mota takan ba da amfiya 70 zuwa 120 ne, kuma fitilu da na'urar sanyaya mota da fanka duk daga nan suke ci, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Idan fitilun mota suna dushewa duk lokacin da ganga ta buga, alama ce wuta ba ta isa ba.

Wayar da ta taso daga batir dole ta kasance mai kaurin da ya dace. Mai lamba 8 tana da faɗin kimanin murabba'in milimita 8, mai lamba 4 kuma kimanin 21. Akwai waya mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafe da jan ƙarfe, alhali alminiyam yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe yake ɗauka. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wajibi ne kuma a sa fis a kan wannan waya cikin santimita 45 daga batir. Wannan fis motar yake karewa, domin idan wayar ta goge ta taɓa ƙarfe ba tare da shi ba, gobara ce za ta tashi. Wayar ƙasa kuwa a gajarta ta, a ɗaure ta a jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa. Sakaci a nan shi yakan kawo kukan da ke hawa da sauka tare da totur.

7.4 Motocin Zamani

A da, rediyon mota akwati ne mai awo ɗaya, milimita 180 a faɗi da 50 a tsayi, ana zare shi a zura wani. A motocin zamani da yawa rediyo ya haɗe da allon da ke kula da na'urar sanyi da kyamarar baya da ƙararrawar gargaɗi, don haka cire shi yana jawo asara. A irin wannan hali akan bar shi, a ɗebi saƙo daga wayoyin lasifika ta hanyar na'urar da ke rage masa matsi. Sai dai amfilifayar kamfani takan riga ta gyara saƙon don ya dace da lasifikokinta, misali ta rage kauri idan an ƙara murya domin ta kare su. Sabuwar amfilifaya za ta gaji wannan gyara, sai an sa na'urar sarrafa sauti ta kwamfuta wadda za ta warware shi. Wasu motocin kuma suna da makirufo a rufi don soke ƙarar inji, kuma idan aka ƙara wufa ba tare da an kashe shi ba, sai a ji gunji marar yankewa.

8.0 Daidaitawa da Gwaji

Bayan an gama haɗi, akan tace sautin da ke ƙasa da Hz 80 daga lasifikokin ƙofa a bar wa wufa shi. Wannan yana rage musu wahala, muryar mutum kuma ta ƙara washewa. Sannan akwai batun nisa. Tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, direba yana zama a hagu, kusa da lasifikar hagu. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, wato santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma kunne yana karkata ga sautin da ya riga isowa. Na'urar da ke jinkirta lasifikar kusa da wannan ɗan lokaci tana mayar da murya tsakiyar gilashin gaba.

Wajen gwaji, ji ne yake korar gani. Abin da ya dace shi ne a fara da muryar mutum, kamar labarai a tashar FM ko karatun da aka ɗauka da kyau, a saurara a tsaye sannan a saurara a kan hanya. Idan /s/ da /sh/ da /ts/ suna fita daban-daban ba tare da an ƙure murya ba, aiki ya yi. A kula cewa tashoshin matsakaicin zango da gajeren zango ba sa aiko da sautin da ya wuce kimanin Hz 5,000, yayin da FM take kaiwa 15,000. Babu lasifikar da za ta fitar da abin da bai iso gare ta ba. Daga nan sai a gwada da kiɗa, kuma kalangu ya dace da wannan, domin yana kwaikwayon hawa da saukar karin magana.

Akwai kuma lafiyar kunne. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta nuna cewa baligi yana iya sauraron desibel 80 na sa'o'i 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Lasifika mai kaifin desibel 90 tana haura desibel 100 da wat 18 kacal. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma yankin da ya fi saurin lalacewa shi ne wajen Hz 4,000, wato inda baƙaƙen nan suke.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa sauya kayan sautin mota aiki ne na lissafi da tsari. An nuna cewa ninka wat ba ya ninka ƙara, kuma kaifin amsa da turjiya su ne suke nuna ko lasifika za ta dace da abin da zai tura ta. An kuma nuna cewa amfilifayar da aka matsa wa tana ƙona lasifika, sannan waya da fis sun shafi tsaron motar baki ɗaya. Tsarin da ya fi dacewa ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya fara da lasifikokin gaba da gyaran ƙofa, sannan amfilifaya, wufa kuwa ta zo a ƙarshe. Ta fuskar harshe, an ga cewa karin sauti da tsawon wasali suna jure wa raunin na'ura, baƙaƙe masu zaƙi kuwa ba sa jurewa. Wannan batu ya cancanci a yi masa gwaji na musamman da kalmomin Hausa, domin sakamakonsa zai amfani masu gyara da ma'aikatan gidajen rediyo da masu nazarin furuci.